Darasi: Sanyi Ɗaya, Shiri Daban

A watan Fabrairun 2021 guguwar sanyi ta faɗa wa jihar Teksas a kudancin Amurka, inda aka saba da zafi. A Dalas sanyin ya kai digiri 19 ƙasa da sifiri. Gidaje da shaguna fiye da miliyan 4 suka rasa wutar lantarki, kuma hukumar lafiya ta jihar ta ƙidaya mutum 246 da suka mutu. A jihar Minesota da ke arewa ana ganin irin wannan sanyi kowace shekara, amma harkoki ba sa tsayawa. Mene ne bambancin?

Inda aka saba da sanyi

A Minesota ana binne manyan bututun ruwa a zurfin mita 2 ko fiye, inda ƙasa ba ta daskarewa. Ana cusa wa bangon gida abin da ke riƙe ɗumi. Hukuma na da ɗaruruwan motocin kwashe dusar ƙanƙara, ga gishiri a ajiye don narkar da ƙanƙarar hanya. Shirin yana cin kuɗi, amma kowace shekara ana cin moriyarsa.

Inda sanyi baƙo ne

A Teksas an gina gidaje ne don korar zafi. Da ruwa ya daskare ya kumbura, bututu suka farfashe. Rijiyoyin iskar gas da tashoshin lantarki su ma suka daskare. An taɓa ganin haka a 2011, aka ba da shawarar a kare tashoshin daga sanyi, amma da yawa ba su yi ba.

Ba sanyi kaɗai ya kashe mutane ba. Wasu sun kunna gawayi ko janareta a cikin gida, wasu sun ta da mota a rufaffen gareji don su ji ɗumi. Iska mai guba, wadda ba ta da wari ko launi, ta kashe su.

Darasi a gare mu

Mu ba mu da dusar ƙanƙara, amma muna da hunturu, kuma mun san yadda ake shiga ɗaki da kaskon wuta a rufe ƙofa. Haɗarin ɗaya ne. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

• Kada mu kwana da garwashi a rufaffen ɗaki.
• Janareta ya zauna a waje, nesa da taga.
• Mu tanadi barguna da rigunan sanyi tun watan Oktoba.
• Mu riƙa leƙa tsofaffi, masu jego da marasa lafiya da sassafe.

Tambayoyin tattaunawa

1. Wane bala'i ne muke cewa ba ya zuwa garinmu?
2. Su wane ne a unguwarmu ba su da bargo, kuma wa zai kai musu?