Darasi na 7: Ganuwa da Bashi

Karatu: Nehemiya sura 3 da 5.

A shekara ta 445 kafin haihuwar Almasihu, Nehemiya ya iske ganuwar Urushalima a rushe, ya kira gayya. Firistoci da maƙeran zinariya, har da 'ya'yan Shallum mata, suka kama aiki, waɗansu daura da gidajensu. Manyan Tekowa kuwa suka noƙe.

Amma ku lura da sura 5. Yunwa da haraji sun sa talakawa sun jinginar da gonakinsu, 'ya'yansu kuma suna shiga bauta. Nehemiya ya tara jama'a, ya tsauta wa masu bin bashin a gaban kowa, sai da suka rantse za su mayar da gonakin. Aka gama ganuwar cikin kwana 52.

Tambaya: A ikilisiyarku, gonar wa take jingina a hannun ɗan'uwa? Wa zai tara jama'a?