Guguwar Bazara: Ayarin Aljanu ne ke Wucewa?

Duk yaron da ya tashi a Gidan Katta ko Illela ya san gargaɗin da iyaye kan yi cewa kada a ratsa ta gindin tsamiya ko tsohon kufai da rana tsaka, kuma in guguwa ta taso a kauce, wai aljanu ne ke tafe cikinta. Batun aljanu na malaman addini ne. Mu iskar kawai za mu duba.

A watannin Maris da Afrilu rana kan gasa fako har ya gagari tafin ƙafa. Iskar da ke dab da ƙasa sai ta yi zafi, ta yi sauƙi, ta yunƙura sama. Idan wata iska ta buge ta daga gefe, sai ta soma juyawa, kuma gwargwadon tsukewarta, gwargwadon saurin juyinta. Shi ya sa akasari da rana ake ganinta, kuma a fili.

A shekarar 2005 na'urar Spirit ta Amurka ta ɗauko hotunan irin wannan guguwa a duniyar Mirrihu.

Ɗalibai, ku riƙa rubuta lokaci da wurin da kowace ta tashi har tsawon mako biyu. Amma dai ku kauce mata, domin takan yaye kwanon rufi.