Lambun bayan ɗaki a Libreville

Libreville shi ne babban birnin ƙasar Gabon. Yana bakin tekun Atlantika. Akwai Hausawa a can. Waɗansu haifaffun ƙasar ne, waɗansu kuma fatauci ya kai su.

Ana ruwan sama ƙwarai a Libreville. A shekara yakan kusan kai milimita 3000, alhali na Maraɗi wajen milimita 500 ne. Amma duk da haka kayan miya suna da tsada. Tumatir da albasa masu yawa daga Kamaru ake kawo su cikin manyan motoci. Don a rage wannan dogaro, a shekarar 1992 aka kafa wata hukuma mai suna IGAD, wadda ke taimakon masu lambu a kewayen birnin.

Cikin unguwanni ma, akwai masu shuka a bayan ɗaki. Wanda ba shi da fili yakan nemi tsohon bokiti ko buhu. Ana shuka alayyafu, wanda mutanen Gabon ke kira folon, da yakuwa, da kuɓewa, da barkono, da ɗoɗɗoya.

Mai lambu a Maraɗi, rashin ruwa yake tsoro. Na Libreville kuwa, yawansa ne ke damunsa. Idan ruwa ya kwanta a gindin shuka, saiwa ba ta samun iska, sai ta ruɓe. Ruwa mai ƙarfi kuma yana karya dashe, ya wanke taki.

Saboda haka sai a yi dabara. Ana huda gindin bokiti don ruwa ya riƙa fita, sannan a cika shi da ƙasa gauraye da ruɓaɓɓen taki. Mai ɗan fili yana yin kunya mai tudu, ya ja wa ruwa hanya. Tumatir kuwa, rumfar leda ake yi masa. Ba a barin ruwa cikin gwangwani, don nan sauro yake hayayyafa.

Daga Yuni zuwa Satumba ruwa yana ɗaukewa. A lokacin ne yara ke ban ruwa safe da yamma. Bayan kamar wata ɗaya da shuka, sai a fara yankan alayyafu. Uwar gida ta sami ganyen miya, kuɗin cefane kuma ya ragu.

Hausawa sun ce, in kiɗa ya sauya, rawa ma sai ta sauya.

Kalmomi
alayyafu : l'amarante
yakuwa : l'oseille
kuɓewa : le gombo
ɗoɗɗoya : le basilic

Tambayoyi
1. A wace ƙasa Libreville yake?
2. Me ke faruwa ga saiwa idan ruwa ya kwanta?
3. Don me ake huda gindin bokiti?
4. A garinku, rashin ruwa ake tsoro ko yawansa?

Aiki
Ku nemi tsohon bokiti, ku shuka alayyafu. Ku rubuta ranar da ya tsiro.