Darasi na 12: Yumenis da Masu Garkuwar Azurfa

Ya kai ɗalibi, karanta wannan labari a tsanake, sannan ka amsa tambayoyin da ke ƙasa.

Sarki Iskandar na Makidoniya ya rasu a birnin Babila a shekara ta 323 kafin haihuwar Annabi Isa. Bai bar magajin da ya isa riƙe mulki ba, saboda haka sarakunan yaƙinsa suka shiga faɗa da juna. Yau su ƙulla ƙawance, gobe su warware.

Ɗaya daga cikinsu shi ne Yumenis, magatakardan Iskandar. Shi mutumin garin Kardiya ne, ba ɗan Makidoniya ba, don haka manyan mayaƙa suna ƙyashin bin umarninsa. Ka lura da dabarar da ya yi. Ya kafa tanti, ya ajiye karagar zinariya a ciki da sunan marigayi Iskandar. A nan ake yin shawara, kamar dai sarkin ne yake ba da umarni.

A shekara ta 316, Yumenis ya kara da abokin gabarsa Antigonas a Gabiyene, cikin ƙasar Iran ta yau. Yana tare da tsofaffin mayaƙa 3,000 da ake kira Masu Garkuwar Azurfa. Suka fatattaki dakarun Antigonas. Amma ƙura ta turnuƙe filin daga, mahayan Antigonas suka zagaya, suka kwashe dukiyarsu da matansu da 'ya'yansu.

Da suka nemi a mayar musu, Antigonas ya ce sai sun ba shi Yumenis. Suka ɗaure shugabansu, suka miƙa shi, aka kashe shi. Sai dai Antigonas bai yarda da su ba. Ya kashe kwamandansu, ya tura da yawansu can gabas mai nisa. Hausawa sun ce, kowa ya ci amana, amana za ta ci shi.

Ma'anar Kalmomi
magaji: wanda yake hawa sarauta bayan wani
magatakarda: mai rubuta wa sarki wasiƙu
karaga: kujerar sarauta
dakaru: mayaƙan ƙasa
filin daga: wurin da ake yaƙi

Tambayoyi
1. Me ya sa mayaƙa suke ƙyashin bin Yumenis?
2. Wace dabara ya yi?
3. A ganinka, me ya kamata Masu Garkuwar Azurfa su yi? Kawo dalili biyu.