KOYON SANA'A: Teburin Injin Sassaƙa Mai Taya

A garuruwa da yawa yanzu akwai kafintocin da suka sayi injin sassaƙa ƙafar gado. Wannan inji yana riƙe guntun katako ta kai biyu, ya riƙa juya shi da sauri. Kafinta kuma yana kanga masa kurfi, har katakon ya zama mulmulalle. Da shi ake yin ƙafar gado da ta kujera da ta tebur, da ƙotar wasu kayan aiki.

Matsalar ita ce wurin ɗora shi. Wani kafinta yakan ɗora shi a kan tsohon benci. Wani ma a kan bulo biyu. Da an kunna sai inji ya kama rawa. Injin da ke rawa ba ya fitar da aiki sumul. Mafi muni, kurfi yana iya cijewa a jikin katako, ya fizge daga hannu, ya ji wa mutum ciwo. Ga kuma wahalar ɗauka. Da safe a kira mutum biyu su fito da shi rumfa, da yamma a sake neman masu mayar da shi shago. Idan hadari ya taso da rana, kafin a sami mataimaki ruwa ya taɓa shi.

Maganin wannan shi ne tebur mai ƙarfi, mai taya, mai ma'ajiyar kayan aiki a cikinsa. Duk kafintan da ya iya haɗa gado zai iya haɗa shi cikin kwana biyu.

Awo kafin yanka

Babu tsawo ɗaya da ya dace da kowa. Kafinta ya tsaya a miƙe, da takalmin da yake aiki da shi. Yaron shago ya auna daga ƙasa zuwa gwiwar hannunsa. A nan ya kamata tsakiyar katakon da ake sassaƙawa ya tsaya. Idan ya yi ƙasa, mutum zai wuni a sunkuye, baya ya yi ciwo. Idan ya yi sama, kafaɗa za ta gaji, kuma hannu ba zai danne kurfi da kyau ba.

Ga misali. A ce gwiwar hannun kafinta tana inci 42 daga ƙasa. Daga gindin inji zuwa tsinin da ke riƙe katako inci 13 ne. A cire 13 daga 42, saura 29. Ke nan tsayin tebur duka inci 29 ne, har da taya. Yanzu a cire tsayin taya, inci 5. A cire kaurin saman tebur, inci 2. A cire kaurin katakon da za a ɗaura taya a jikinsa, shi ma inci 2. Abin da ya rage shi ne 20. Saboda haka kowace ƙafa za a yanke ta inci 20.

A nan ne mutane da yawa suke kuskure. Sukan manta da taya, sai an gama a ga tebur ya yi tsawo. A kuma lura, katakon da ake kira tu-bai-fo ba ya cika inci 2 bayan an goge shi. A sa tef a auna, kada a dogara da suna. A rubuta kowane awo a takarda. Wanda ya koyi rubutu a aji, ga ranar amfaninsa.

Katako

Ƙafafu da firam a yi su da tu-bai-fo. Katako mai nauyi kamar maɗaci ko kawo ya fi, domin nauyi shi ake nema a wannan aiki. Malaina ma tana yi, kuma ta fi araha. Fari mai laushi a bar shi don aljihun tebur.

Abu mafi muhimmanci shi ne katakon ya bushe. Yawancin katakon da ake saukewa a manyan kasuwanni, irin su 'Yan Katako ta Na'ibawa a Kano, daga kudu yake zuwa, kuma sau da yawa da sauran danshi a jikinsa. Idan aka haɗa tebur da shi haka nan, da hunturu ya shigo zai tsuke, ya karkace, mahaɗai su saki. A jera shi a inuwa, a sa ƙananan sanduna tsakanin kowane layi don iska ta ratsa. Kada a shanya shi a rana, zai tsage.

Ana kuma bukatar filawud guda ɗaya mai kaurin inci uku bisa huɗu. Filawud yana zuwa da tsawon ƙafa 8, faɗin ƙafa 4. Sai gam, da sukuru, da ƙusa mai noti tare da washa, da taya huɗu masu birki.

Haɗawa

A fara da firam biyu masu kusurwa huɗu, ɗaya na sama, ɗaya na ƙasa. Tsawonsu ya fi na inji da kamar inci 6. Idan inji ƙafa uku da rabi ne, firam ya zama ƙafa 4. Faɗi kuwa inci 18 ya isa. Kafin gam ya bushe, a ja igiya daga wannan kusurwa zuwa wadda ke fuskantarta a karkace, sannan a auna ɗaya ɓangaren. Idan awon biyu sun zo daidai, firam ya miƙe. Idan ba su zo ba, a danna kusurwar da ta fi tsawo har su daidaita.

Sai a tsayar da ƙafafu huɗu tsakanin firam biyu. Nan ba wurin ƙusa ba ne. Girgizar inji tana zare ƙusa a hankali, bayan 'yan watanni tebur ya fara lilo. A huda katako, a zura ƙusa mai noti, a sa washa, a ɗaure. Noti idan ya saki ana iya ƙara ɗaure shi. Ƙusa kuwa in ta saki, ta saki.

A rufe baya da gefe biyu da filawud, a sa gam da sukuru. Wannan rufi ba don kyau ba ne kawai. Shi ne ke hana tebur karkata hagu da dama. Saman tebur a yi shi da katako mai kaurin inci 2.

A ƙarƙashin firam na ƙasa, a kowane kai, a gicciya katako mai tsawon inci 24. Zai fito waje da inci 3 gaba da baya. A ƙarshensa ake ɗaura taya. Dalilin wannan fitowa shi ne inji yana sama, nauyi yana sama, kuma abu mai siririn gindi ba ya wuyar kifewa idan taya ta ci karo da dutse.

Taya da nauyi

Ƙaramar taya irin ta kujerar ofis ba ta yi. A daɓen ƙasa nutsewa take yi. A nemi mai faɗin inci 4, wadda da ƙarfenta take kai wajen inci 5. A tambayi mai sayarwa nauyin da kowace take ɗauka. A ce inji da tebur da kayan ciki sun kai kilo 150. Kada a raba da 4, a raba da 3, domin a ƙasar da ba ta daidaita ba taya uku ne ke ɗauke da kaya. Ke nan kowace taya ta iya ɗaukar kilo 50 ko fiye.

Birki shi kaɗai ba ya hana rawa. Idan an kai tebur wurin aiki, a taka birki, sannan a buga 'yan guntayen katako masu tsini a ƙarƙashin katakon da aka gicciya, har su cije da ƙasa. A lokacin aiki katako ne ya kamata ya riƙe tebur, ba taya ba.

A kan firam na ƙasa a shimfiɗa filawud, a ɗora buhun yashi busasshe, kamar cikin buhun siminti ɗaya. Wasu suna ganin wannan ƙarin wahala ne wajen turawa. Gaskiya ne, amma yashi yana shanye girgiza. Duk wanda ya taɓa sa karkataccen itace a inji ya san amfaninsa.

Ma'ajiya

Tsakanin yashi da saman tebur akwai fili. A yi aljihu biyu marasa zurfi daga sama. Ɗaya na kurfi, ɗaya na samfefa da tef da fensir da dutsen wasa. A cikin aljihun kurfi a kafa siraran katako, kowane kurfi da ɗakinsa. Idan bakinsu yana gogar juna dakushewa yake yi, kuma kurfi maras kaifi shi ne mai cijewa. Ragowar filin a sa masa ƙyaure da kwaɗo. Garin katako ba zai shiga ba, yara ma ba za su kai hannu ba. Da damina a riƙa shafa wa ƙarfe ɗan mai saboda tsatsa.

Daga ƙarshe a ɗora inji, a yi alama ta ramukan gindinsa, a huda, a ɗaure shi da tebur da ƙusa mai noti. A shafa wa katako maganin gara ko fenti. Kafin a sa katakon sassaƙa, a kunna inji haka nan, a ɗora kofin ruwa a kan tebur. Idan ruwa yana fantsama, akwai notin da bai ɗauru ba, ko wata kusurwa ba ta taka ƙasa ba.

Mai aiki ya cire babbar riga, ya naɗe hannun taguwa, ya sa tabarau, ya rufe hanci da ƙyalle. Kafin a tura tebur, a kashe janareto ko a zare waya, a rufe aljihu. A tura shi ta tsawonsa, ba ta faɗinsa ba. Bayan mako ɗaya da fara aiki a bi noti duka a ƙara ɗaurewa, a kuma maimaita idan hunturu ya kama.

Aikin aji: gwiwar hannun wani kafinta tana inci 44 daga ƙasa. Injinsa inci 12 ne daga gindi zuwa tsini. Tayarsa inci 6 ce. Saman tebur inci 2, katakon taya inci 2. Inci nawa zai yanke kowace ƙafa?