Auna Kai da Tsara Gaba a Hukumomi: Nazari a Kan Hukumar Talifi da Hukumar NORLA

Gabatarwa

Duk ɗalibin da ya karanci tarihin rubuce-rubucen Hausa na boko ya san jerin hukumomin da suka yi wa harshen hidima, har wasu sun haddace shekarunsu kamar karatun allo: Hukumar Fassara a 1929, Hukumar Talifi a 1933, Kamfanin Gaskiya a 1945, Hukumar NORLA a 1953, sa'an nan Kamfanin NNPC a 1966. Abin da ba a cika tsayawa a kansa ba shi ne dalilin da ya sa wata daga cikinsu ta sake suna ta ƙara ƙarfi, wata kuwa aka rufe ta tun ba ta cika shekara goma ba, alhali dukansu a Zariya suka zauna, kuma buri ɗaya gare su, watau samar wa jama'a abin karantawa. Manufar wannan maƙala ita ce a ɗauki biyu daga cikin waɗannan hukumomi a dube su ta fuskar ilmin tafiyar da ma'aikatu, musamman abubuwa biyu da ke wuyan kowane shugaba ko manaja, watau auna kai da tsara gaba.

Ma'anar Auna Kai

Abin da ake nufi da auna kai a nan shi ne shugabannin ma'aikata su zauna da kansu, ba tare da wani ya tilasta musu ba, su binciki aikinsu don su ga ko yana biyan bukatar da aka kafa ma'aikatar dominta. Wannan ya bambanta da zuwan odita. Shi odita yana duba ko kuɗin da aka ware don sayen takarda takardar aka saya da su, kuma ko akwai rasidi. Ba ruwansa da ko abin da aka buga a takardar ya amfani wani. Saboda haka ma'aikata tana iya fita sumul daga hannun odita shekara da shekaru, alhali aikinta ya daɗe da mutuwa. Tsara gaba kuwa shi ne shawarar da ke biyo bayan binciken: me za a riƙe, me za a ƙara, me kuma za a bari a cikin shekaru uku ko biyar masu zuwa. Aiki ne mai wuya, domin Hausawa sun ce laifi tudu ne, kowa nasa yake takawa ya hango na wani.

Daga cikin masanan da suka yi fice a wannan fanni akwai Peter Drucker, wanda aka haifa a Ostiriya a 1909, ya yi yawancin aikinsa a Amurka, ya rasu a 2005. A 1993 ya fitar da wani ɗan littafi na auna kai domin ƙungiyoyin da ba neman riba suke yi ba, ya gina shi a kan tambayoyi biyar. Ta farko a kan manufar ƙungiyar take, ta biyu a kan mutumin da ake yi wa aikin, ta uku a kan abin da shi wannan mutum yake ɗauka da daraja, ta huɗu a kan sakamakon da aka samu, ta ƙarshe a kan shirin da za a bi. Mai karatu ya lura da cewa shiri shi ne ya zo ƙarshe. Da yawa daga cikin ma'aikatu kuwa da shi suke farawa, su rubuta kundi mai kauri, ba tare da an taɓa tambayar ko wane ne zai amfana ba.

Irin wannan tunani ba baƙo ba ne a Nijeriya. Kwamitin Jerome Udoji, wanda gwamnatin Janar Gowon ta kafa a 1972 ya miƙa rahotonsa a 1974, ya ba da shawarar a riƙa tafiyar da aikin gwamnati bisa manufofin da aka ƙayyade, a kuma auna ma'aikaci da sakamako. Sai dai abin da ya zauna a zukatan jama'a shi ne ƙarin albashi da ariyas, har sunan mutumin ya koma sunan kuɗin.

Daga Fassara Zuwa Talifi

Aikin Hukumar Fassara yana cikin sunanta. An kafa ta ne don ta juya littattafai daga Larabci da Ingilishi zuwa Hausa saboda makarantun boko, kuma ta fitar da ayyuka masu amfani irin su Labaru Na Da Da Na Yanzu da Labarun Hausawa Da Maƙwabtansu. Da a ce da yawan shafukan da aka fassara za a auna ta, da ba wanda zai ce ta gaza. Amma Dokta Rupert East, wanda ya shugabance ta, ya lura da wani giɓi: yaro yana gama makaranta ya iya karatun boko, sa'an nan ba shi da abin da zai karanta don jin daɗi, sai littattafan da ya riga ya gaji da su a aji. Wanda kuwa ba ya karatu, iyawar tana dusashewa.

Amsar da aka ba wannan matsala ita ce sauya manufar hukumar ɗungum, har da sunanta. A 1933 East ya zaga manyan garuruwan Arewa yana roƙon malamai su ƙago labarai da kansu, aka sa gasa. Bai sami abin da sauƙi ba, domin a idon malaman wancan zamani ƙagaggen labari ɗan'uwan tatsuniya ne, aikin mata da yara, alƙalami kuwa na ilmi ne. Duk da haka gasar ta haifi littattafai biyar: Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East.

Abin lura ga mai nazarin shugabanci shi ne abin da ya biyo baya. Hukumar ba ta ɗauki gasar a matsayin biki na shekara guda ba. Ta duba sakamakon, ta gane inda gwaninta take, aka nemi aron Abubakar Imam daga aikin koyarwa a Katsina ya zo Zariya ya rubuta Magana Jari Ce, wadda ta fito a littafi uku daga 1937. A watan Janairu na 1939 kuma aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, Imam yana edita. Gaskiya ne fargabar yaƙi da jita-jitar da ake bazawa game da Jamus suna cikin dalilan da suka sa gwamnatin mulkin mallaka ta yarda da kafa jaridar. Amma ta fuskar hukumar, jarida ta ba ta wani abu da littafi ba ya bayarwa, watau wasiƙun masu karatu. Ta wannan kafa aka riƙa jin abin da ke damun jama'a daga bakinsu, ba sai an yi kirdado daga ofis ba. Tambaya ta uku ke nan ta Drucker, ga shi ana amsa ta tun shekara hamsin kafin ya rubuta ta.

Hukumar NORLA

A farkon shekarun 1950 Gwamnatin Jihar Arewa ta ɗaura ɗamarar Yaƙi da Jahilci, aka buɗe azuzuwan manya a birane da ƙauyuka. An yi tunani mai kyau tun da wuri cewa wanda ya koyi karatu da girmansa zai manta idan bai sami abin karantawa ba, don haka aka kafa NORLA, hukumar wallafe-wallafe ta Jihar Arewa, ta kama aiki sosai a 1954. Cikin waɗanda suka yi aiki a cikinta akwai Neil Skinner, wanda daga baya ya yi suna wajen ƙamus.

Ba a taɓa ganin yawan ɗab'i irin nata ba a Arewa kafin lokacin. Ta buga ƙananan littattafai a kan lafiya da noma da sana'o'i da addini, da boko da ajami. Ta buga waƙoƙin Sa'adu Zungur da na Mu'azu Haɗeja, da wasan kwaikwayon Shu'aibu Maƙarfi mai suna Zamanin Nan Namu. Ta yi aiki da wasu harsuna ban da Hausa, kamar Fulatanci da Barbarci da Tibi. Ga kuma jaridun larduna: Zaruma a Sakkwato, Himma a Katsina, Sodangi a Kano, Bazazzaga a Zariya, Zumunta a Bauci, Albishir a Barno. Duk da wannan ƙoƙari, a 1959 aka rufe ta saboda hasara da wahalar rarraba kaya, aka mayar da abin da ya rage ga Kamfanin Gaskiya.

A nan ne tambayoyin nan suke da amfani ƙwarai. A ɗauki ta biyu: wa ake yi wa aikin? Drucker ya raba mutanen da hukuma ke hulɗa da su gida biyu, akwai wanda aka yi aikin don rayuwarsa ta sauya, akwai kuma masu tallafawa, waɗanda in ba su gamsu ba aikin ba zai ɗore ba. Ga NORLA, na farko shi ne manomin da ya fito daga ajin Yaƙi da Jahilci. Na biyu su ne gwamnati mai ba da kuɗi, da hukumomin En'e, da makarantu, da dillalan da za su kai littafi kasuwa. Bukatun waɗannan ba ɗaya ba ne. Jami'in lafiya yana son a buga bayani a kan tsabtar rijiya, kuma yana da gaskiya. Manomi mai ɗan sisi a aljihu ranar kasuwa kuwa shi zai zaɓi abin da zai saya, kuma ba lalle ne bayanin rijiya ya ja hankalinsa kamar waƙa ko labari ba. Hukumar da ke karɓar umurnin abin da za ta buga daga sama, amma tana jiran kuɗin ciniki daga ƙasa, ta ɗauko taura biyu a baki.

Sai tambaya ta huɗu, ta sakamako, wadda a ganin wannan maƙala ita ce gaɓar da al'amarin ya karye. Akwai aƙalla mudu uku da za a iya auna mawallafa da su: yawan abin da aka buga, da yawan abin da aka sayar, da yawan abin da aka karanta. Na farko shi ya fi sauƙin ƙidayawa, shi ya sa shi ke cika rahoton shekara, kuma shi ya fi yaudarar shugaba, domin littafin da ke jibge a sito an buga shi, amma bai yaƙi jahilcin kowa ba. Na biyu shi ma'aji ke dubawa. Na uku shi ne ainihin manufa, shi ne kuma ba ya shiga lissafi da sauƙi, musamman a ƙasar da mutum ɗaya kan karanta jarida da ƙarfi a dandali mutum goma suna saurare. NORLA ta yi fice a mudu na farko, aka yanke mata hukunci da na biyu. Da tun ranar kafa ta an zauna an rubuta cewa hidima ce kamar asibiti, ga iyakar hasarar da gwamnati za ta ɗauka kowace shekara, ko kuwa kasuwanci ce, ga shekarar da za ta tsaya da ƙafarta, da shugabanninta sun san abin da za su riƙa dubawa wata-wata.

Akwai kuma batun bari, wanda Drucker ya daɗe yana nanatawa, cewa shiri na ƙwarai yana faɗin abin da za a daina. Jarida ga lardi-lardi, da littattafai cikin harsuna da yawa waɗanda masu karatunsu ba su da yawa, kowanne yana da hujjarsa ta siyasa da ta adalci, kuma ba abin raini ba ne. Amma kowanne yana cin takarda da ma'aikata da motar kai kaya. Manajan da ke auna kansa yakan ware lissafin kowane sashe dabam, ya san wanda ke ciyar da saura da wanda ake ciyarwa, sa'an nan ya kai wa masu ba da kuɗi maganar tun kafin bashi ya taru.

Ba a nufin cewa rufe NORLA ya tabbatar da rashin amfaninta. Kamfanin NNPC, wanda aka kafa a 1966 da haɗin gwiwar Kamfanin Gaskiya da Macmillan, ya gaji littattafan hukumomin da suka gabace shi ya ci gaba da sake buga su, wasu suka shiga manhajar makarantu da jami'o'i. Ashe mudun ma'aji ma bai auna komai da komai ba.

Abin da Kasuwa ta Nuna Daga Baya

Wani zai iya cewa matsalar ita ce Hausawa ba su son sayen littafi. Abin da ya faru daga tsakiyar shekarun 1980 ya raunana wannan zance. Matasa a Kano da Kaduna da wasu garuruwa, waɗanda manyan kamfanoni ba su kula da rubutunsu ba, suka shiga buga littattafansu da kuɗin aljihunsu a ƙananan maɗaba'u. Budurwar Zuciya ta Balaraba Ramat Yakubu ta fito a 1987, In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino ya biyo baya a farkon shekarun 1990, aka kafa ƙungiyoyin marubuta irin su Raina Kama. Lalle yawan masu ilmin boko ya ƙaru ƙwarai bayan shirin ba da ilmin firamare kyauta na 1976, don haka ba daidai ba ne a kwatanta zamanin biyu kai tsaye. Amma hanyar da suka bi abin dubawa ce. Sun raba labari kashi-kashi don kuɗinsa ya yi sauƙi, sun ba 'yan kasuwa masu rumfa da masu talla a tasha, har aka sami shagunan ba da hayar littafi. Marubucin da kansa yake zuwa karɓar kuɗinsa wurin dillali, a nan yake jin wanne ya ƙare, wanne ya kwanta, da abin da masu saye suke tambaya. Da yawa daga cikin masu sayen nan kuwa mata ne, 'yan makaranta da matan aure a cikin gidaje, waɗanda akan aiki yaro ya karɓo musu littafi na biyu tun ba su gama na ɗaya ba.