Tiristan da Kunya, Tsibirin da Ya Fi Ko'ina Nisa

Tsibiri shi ne ƙasar da ruwa ya kewaye ta ko'ina. Idan babu gada, ba a zuwa tsibiri a ƙafa, ko a kan jaki, ko a mota. Sai dai a jirgin ruwa, ko a jirgin sama idan akwai filin sauka.

Darasin wannan wata a kan wani tsibiri ne da ke tsakiyar Tekun Atilantika. Wannan teku shi ne wanda birnin Legas yake bakinsa, amma tsibirin yana can kudu da nisa ƙwarai. A taswira ana rubuta sunansa Tristan da Cunha. A bakin mutanen Fotugal ƙarshen sunan yana fita kamar "kunya". Ba kunyar ido ba ce, ba kuma kunyar gona ba. Sunan wani mutum ne.

Duk duniya babu garin da ya kai wannan nisa da maƙwabta. Garin da ya fi kusa da shi yana wani tsibiri mai suna Saint Helena, kuma tsakaninsu ya kai kilomita 2,400. Daga birnin Cape Town na Afirka ta Kudu kuwa, kusan kilomita 2,800 ne. Mutanen tsibirin ba su kai 300 ba. Dukansu a gari ɗaya suke zaune. Suna ƙarƙashin mulkin Ingila, kuma Turanci suke yi.

Yadda ake zuwa

Babu filin jirgin sama a Tiristan. Tsibirin kansa dutse ne mai aman wuta wanda ya fito daga cikin teku. Tsawonsa ya wuce mita 2,000. Fili mai kyau kaɗan ne, a can gefen arewa maso yamma. A nan gari yake, a nan gonaki suke.

Mai son zuwa sai ya fara neman izini daga majalisar tsibirin. Zai faɗi dalilin zuwansa, ya nuna yana da kuɗin komowa. In an yarda, sai ya nemi wuri a jirgi. Jiragen da ke zuwa daga Cape Town yawanci na kamun kifi ne da na kaya, kuma kamar sau tara ko goma suke zuwa a shekara. Wani jirgin fasinja 12 kawai yake ɗauka. Ana fara ba marasa lafiya wuri, da ma'aikata, da 'yan gari masu komawa gida. Baƙo mai yawon buɗe ido shi ne na ƙarshe. Ko ya biya kuɗi, ana iya ce masa ya haƙura sai wani jirgin.

Tafiyar takan ci kamar kwana shida. Dare da rana jirgi yana tafiya, babu tudu, babu itace, sai ruwa da sama da tsuntsayen teku. Iska tana da ƙarfi a wannan yanki, raƙuman ruwa kuma manya ne.

Ganin tsibirin ba shi ne isa ba. Tashar jirgin garin ƙarama ce, babban jirgi ba ya shiga. Sai ya tsaya daga nesa, 'yan gari su fito da ƙananan jirage su kwashi mutane da kaya. Idan teku ya yi fushi babu mai fitowa. Fasinja yakan yi kwanaki a jirgi yana hangen gidaje da shanu, amma ba halin sauka. Wani lokaci ma jirgin 'yan yawon buɗe ido yakan juya ba tare da kowa ya taka ƙasa ba.

Haka ta faru ga mutumin da ya fara ganin wurin. Shi ne Tristão da Cunha, shugaban jiragen ruwa na Fotugal. Ya hango tsibirin a shekarar 1506, teku ya hana shi sauka, ya sa masa sunansa ya wuce.

Masu kafa gari

An yi shekara 300 babu mai zama a wurin, sai masu farauta a teku da ke zuwa su tafi. A 1816 Ingila ta aika sojoji suka riƙe tsibirin. Dalili shi ne, ta tsare Napoliyon, tsohon sarkin Faransa, a Saint Helena. Tana tsoron kada magoya bayansa su yi sansani a Tiristan su je su kuɓutar da shi. Bayan shekara ɗaya aka ga abin bai cancanci wahalar ba, aka janye sojojin.

Wani kofur mai suna William Glass, mutumin Sikotlan, ya roƙi a bar shi. Ya zauna da matarsa Maria, 'yar Afirka ta Kudu, da 'ya'yansu biyu, da wasu magina biyu. A watan Nuwamba 1817 mazan uku suka rubuta yarjejeniya a takarda suka sa hannu. Abin da ta ƙunsa shi ne: dabbobi da kaya na kowa da kowa ne. Riba a raba daidai, aiki ma a raba daidai. Kada wani ya ɗauki kansa ya fi wani.

Takarda ce 'yar ƙarama, ta mutum uku. Amma har yau ana ganin sawunta a garin. Ƙasar tsibirin ta jama'a ce baki ɗaya. Baƙo ba ya sayen fili komai kuɗinsa. An kuma ƙayyade yawan shanu da tumakin da kowane gida zai ajiye. Makiyaya ƙarama ce, in aka bar mai hali ya tara garke, saniyar talaka ba za ta sami ciyawa ba.

Glass da Maria sun haifi 'ya'ya 16. A hankali wasu maza suka ƙaru, waɗansu da son ransu, waɗansu jirginsu ne ya fashe a kan duwatsu suka tsira. Maza suka yi yawa, mata babu. A 1827 aka kawo mata biyar daga Saint Helena, aka ɗaura aure. A 1836 jirgi ya fashe da wani mutumin Holan, ya zauna, ya zama Peter Green. A 1892 wani jirgin ya fashe da mutanen Italiya, biyu daga cikinsu suka ƙi tafiya, su ne Repetto da Lavarello. Sunan garinsu na Italiya, Camogli, shi aka sa wa asibitin tsibirin. Tsofaffin zuriyoyin garin bakwai ne: Glass, Green, Hagan, Lavarello, Repetto, Rogers da Swain. Da yake kakannin kaɗan ne, kusan kowa ɗan'uwan kowa ne. Likitoci sun ce wannan ne ya sa ciwon fuka, wato asma, ya yi yawa a cikinsu.

Shekarun wuya

Da farko garin yana samun ciniki. Jirage masu tafiya da iska suna tsayawa su sha ruwa. 'Yan gari su ba su dankalin turawa da nama, su karɓi garin alkama, da shayi, da sukari, da tufafi. Ba a amfani da kuɗi. Dankali shi ne kuɗi.

Daga baya duniya ta canza hanya. A 1869 aka buɗe mashigin ruwa na Suwez a Masar, jiragen da ke zuwa gabas suka daina zagayowa ta kudu. Jirage masu inji kuma ba su bukatar tsayawa. Sai baƙi suka ɗauke ƙafa. A 1882 wani jirgi ya fashe, ɓeraye suka fito daga cikinsa suka cika tsibirin, suka addabi dankali. Har yanzu akwai rana guda a shekara da ake fita farautar ɓera ƙungiya-ƙungiya. Da yamma a ƙirga wutsiyoyi, a ba da kyauta ga masu yawa da mai wutsiya mafi tsawo.

Babbar masifa ta zo a watan Nuwamba 1885. Dankali bai yi kyau ba a shekarar, abinci ya yi ƙaranci. Sai aka hango jirgi yana wucewa. Maza 15 suka shiga kwale-kwale suka bi shi don su yi musaya. Ba a sake ganinsu ba. Manyan maza huɗu kacal suka rage a garin, sauran mata ne da yara. Matan suka ɗauki noma da kiwo, yara maza suka shiga aikin manya tun ba su isa ba. Bayan haka gwamnatin Ingila ta yi tayin kwashe kowa zuwa Afirka ta Kudu. Aka yi shawara, jama'a suka ce suna nan.

A lokacin Yaƙin Duniya na Farko an yi shekaru ba a kai musu wasiƙa ba. Sai a 1919 wani jirgin yaƙin Ingila ya tsaya ya ba su labarin yadda yaƙin ya ƙare. Kuɗi bai shiga hannunsu sosai ba sai a 1942, da sojojin ruwa suka kafa tashar rediyo suka ɗauki 'yan gari aiki. A 1949 aka fara kasuwancin wani babban jatan lande da ke tekunsu, aka gina masana'anta. Shi ne babban abin da garin yake sayarwa waje har yau, sai kan sarki na gidan waya, wanda masu tara shi suke saye daga ƙasashe da yawa.

Ranar da dutse ya yi aman wuta

A watan Agusta 1961 ƙasa ta fara girgiza. Duwatsu suna gangarowa daga sama, bango yana tsagewa, ƙofofi suna ƙin rufuwa. Aka yi wata biyu a haka. A watan Oktoba ƙasa ta tsage a gabashin gari, dab da gidaje. Wani tudu ya fara kumburowa kamar ƙurji.

Jama'a suka bar gidajensu suka tafi gonakin dankali, 'yar tafiya daga gari. A nan suka kwana cikin sanyi. Kafin gari ya waye tudun ya soma fitar da hayaƙi da wuta. Ranar 10 ga Oktoba jiragen kamun kifi biyu suka kwashe kowa zuwa wani ƙaramin tsibiri marar mutane mai suna Nightingale. Washegari wani jirgin Holan ya ɗauke su zuwa Cape Town. Daga can aka kai su Ingila, suka sauka a farkon Nuwamba. Mutum 264 ne, kuma ba a rasa rai ko ɗaya ba. Shanu da tumaki da dankali kuwa, duk an baro su.

A Ingila aka ba su gidaje a wani wuri mai suna Calshot, a bakin teku. Aka sama musu aiki mai albashi. Ga motoci, ga kantuna cike da kaya, ga talabijin. Gwamnati ta ɗauka an gama magana, sun zama 'yan Ingila ke nan. Mutane da yawa a can suna ganin ai mutanen tsibirin sun taki sa'a.

Su ba haka suka gani ba. Jikinsu bai saba da mura da tarin da ke yawo a manyan garuruwa ba. Ciwon ƙirji ya kama su, wasu tsofaffi suka rasu. 'Yan jarida suna binsu kamar abin kallo. Mutumin da ya saba fita gonarsa ko tekunsa lokacin da ya ga dama, yanzu agogo ne yake tashinsa, wani kuma yana tsaye a kansa yana ba da umurni. A gida ba a kulle ƙofa, a nan sai da makulli. Abin da ya fi damunsu shi ne kada a warwatsa su, kowa ya bi aikinsa, gari ya mutu.

A farkon 1962 masana suka je duba tsibirin. Suka tarar narkakken dutse ya binne masana'anta da bakin ruwan da ake sauka. Amma gida ɗaya kawai ya ƙone, sauran suna tsaye. Da labari ya iso Calshot, sai jama'a suka fara rubuta takardar koke suna neman a mai da su gida. Gwamnati ta yi ta jan ƙafa. Tana zaton tsofaffi ne kawai suke matsa wa matasa. Saboda haka a watan Disamba 1962 ta sa a jefa ƙuri'a a asirce, kowa shi kaɗai, ba mai ganin ta wani. Da aka ƙirga, mutum 148 suka zaɓi komawa. Biyar ne suka ce a'a.

Komawa gida

Aka fara tura wasu don su gyara gidaje su shuka dankali. A watan Nuwamba 1963 babban ayari na mutum 198 ya iso. Wasu kaɗan suka zauna a Ingila. Waɗanda suka dawo sun tarar da aiki jingim. Ciyawa ta cinye gonaki, tumaki sun ragu ƙwarai, ba masana'anta, ba wurin sauke kaya. Shekarun farko sun yi tsanani, har wasu suka sake komawa Ingila, daga baya kuma wasunsu suka sake dawowa.

Yanzu garin yana da makaranta ɗaya, kanti ɗaya, asibiti, da coci biyu. Akwai wutar lantarki da intanet. Ingila tana aiko da kantoma, amma akwai majalisa wadda jama'a suke zaɓa, da shugaban 'yan tsibiri wanda ake zaɓa duk bayan shekara uku. Kowane gida yana da gonar dankali, an kewaye ta da katangar dutse saboda iska. Ranar da teku ya kwanta, da asuba sai a buga wani ƙarfe a tsakiyar gari. Ma'aikaci ya ajiye aikin ofis ya shiga jirgi, da yamma mata su taru a masana'anta su gyara abin da aka kamo.

Tashar jirgin da baƙo yake sauka a cikinta an gama gina ta a 1967, kusa da baƙin dutsen da ya daskare bayan aman wutar. Sunan da suka sa mata shi ne Calshot.